Rariyar da Nomau Ya Ƙi Hudawa

Ku yi mini afuwa, ni ba malama ba ce, kuma ban taɓa rubuta labari ba sai yau. Inda na yi tuntuɓe ku tashe ni. Amma dai ku saurara.

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah ana ce da shi Nomau. Sana'arsa haƙa: rijiya, kwata, duk inda diga ke shiga. Ba shi da yawan magana, ba a kuma kiransa in ana taron manya.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Ila, da ya yi tafiya ya gano wasan golf, wasan nan da ake tura 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ya dawo ya ce lallai a shimfiɗa masa ciyawar roba a bayan gida, ƙaramin fili sumul, zai nuna wa abokansa ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Saura kwana shida, damina kuwa ta kankama.

Gambo, mai kula da gidan, shi ya kirawo Nomau. Nomau bai fara komai ba sai da ya haƙa ɗan rami iya gwiwar hannu, ya cika shi da ruwa, ya zauna yana kallo. Gambo ya tambaye shi ko kiwon kifi aka kawo shi yi. Tun azahar har la'asar ruwan na nan yadda aka zuba shi. Sannan Nomau ya ce ƙasar laka ce, laka kuwa ba ta shan ruwa. In aka shimfiɗa ciyawa a kanta haka, ruwan farko za ta taso kamar tabarma a tafki. Sai an kwashe lakar, an zuba tsakuwa, an binne bututu mai huji-huji, an rufe da yashi. Ruwan da bututun ya tara kuma sai an nema masa mafita.

Gambo ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Filin ya gangara wajen katangar baya, a huda rariya a gindinta, aikin sa'a guda.

To, ku saurara nan. Nomau ya zagaya ya duba abin da ke bayan katangar. Ɗakin ƙasa ne na wata tsohuwa, Goggo Lanti, manne da katangar, gindinsa ya riga ya zaizaye. Duk ruwan filin a nan zai zuba. Ɗakin ƙasa kuwa in ya sha ruwa ta gindi ba ya sallama, faɗuwa yake yi a kan wanda ke ciki.

Ya dawo ya ce ba zai huda ba. Sai dai a ja bututun zuwa babbar kwatar da ke ƙofar gida, taku saba'in cikin laka, kuma hawa ne, ramin sai ya yi ta ƙara zurfi. Gambo ya kai ƙara wurin maigida.

Alhaji ya ce, “Malam Nomau, katangar nan tawa ce, ruwan ma nawa ne.”

Nomau ya durƙusa. “Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma in ya fita ta can, a kan tsohuwa zai sauka.”

Alhaji ba mugu ba ne, gaggawa ce da shi. Ya ce ya ba shi zuwa Juma'a. In bai kai kwata ba, Gambo ya huda da hannunsa.

Nomau ya shiga haƙa. Wanda bai taɓa haƙa laka da damina ba bai san wuya ba. Sara uku, sai ka tsaya ka kankare digar da tsinke. Ya haƙa, ya kankare, ya haƙa, ya kankare, har tafin hannunsa ya fashe. In ya ci taku goma sai ya zuba ruwan buta a ramin ya bi shi da ido, inda ruwan ya tsaya ya koma ya ƙara zurfi. Gambo kuwa kullum da safe sai ya jingine guduma a katangar baya, inda Nomau zai gan ta, ya ce masa, “Angon Goggo, ina gajiya?” Nomau ya ce ba gajiya.

Ranar Juma'a da hantsi bakin bututu ya leƙa kwata. Aka rufe, aka daddaɓe, aka shimfiɗa ciyawa.

Ana saukowa masallaci, baƙi sun cika rumfa, sai sama ta ɓalle. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Filin ya cika ya yi fari, Alhaji ya haɗe rai, Gambo ya ɗauki gudumarsa ya nufi katanga. Kafin ya kai, jama'a, ruwan ya fara nutsewa. Ya nutse, ya nutse, kamar ƙasa na zuƙe shi da baki, can ƙofar gida kuwa bututu na ta aman ruwa cikin kwata. Ana ɗaukewa Alhaji ya ajiye ƙwallo ya tura, ta mirgina sumul ta faɗa rami. Manyan mutane suka durƙusa da manyan rigunansu suna shafa ciyawa, kowa na tambayar wane gwani ne ya yi wannan aiki. Gambo ya ɓoye guduma a bayansa ya ce ai dama tun farko shawarar da ya bayar ke nan.

Aka nemi Nomau, babu shi. Ya zagaya baya, ya taɓa gindin ɗakin ya ji shi daram. Goggo Lanti na ciki tana tsintar wake, ta tambaya wane ne.

“Mai wucewa ne, Goggo. Ya ruwa?”

“Ruwa ya yi gyara, ɗan nan.”

Ya saɓa digarsa ya sulale ta lungu. Har ta koma ga Allah ba ta san abin da aka kawar mata ba.

Darasin a fili yake, 'yan uwa: wanda ya raba kansa da cuta ta hanyar tura ta ga maƙwabci bai yi gyara ba, wuri kawai ya sake mata. Kowannenmu na da ruwan da yake son rabuwa da shi, wani na wanki, wani na ɓacin rai, kuma hanya mafi kusa kullum ta kan mai rauni take bi. Kafin ka ɗaga guduma, zagaya ka duba wa ke zaune a bayan katangarka.