Rabin Burodin Yaya

Akwai wani matashi, autan gidansu, da ke fitowa a wasannin barkwanci na talabijin. Shekara uku Auta yana fitowa a mai gadi ko direba, ba wanda ya riƙe fuskarsa.

Wata rana darakta ya ba shi babban matsayi: mutumin da ya fito daga gidan yari yana neman komawa cikin jama'a.

"Ka nemo mana abin da zai sa mutane su riƙe ciki," in ji darakta.

Auta bai je da nisa ba. Yayansa, mai walda, wata huɗu ke nan da fitowarsa bayan shekara shida a ciki. Auta ya sa masa ido. Ya lura kullum in an kawo shayi, Yaya yakan raba burodinsa biyu, ya waiga, ya ɗage kafaɗa, ya zura rabi a aljihu.

Haka Auta ya kwashe wannan ɗabi'a ya kai gaban kyamara, bai rage komai ba.

Ranar da aka nuna kashi na farko, falonsu ya cika da dangi da maƙwabta. Da Auta ya bayyana yana cusa burodi a aljihu, yana zare ido kamar ɓarawo, wuri ya ɓarke da dariya.

Wata maƙwabciya ta ce, "Wallahi kamar na san wannan kafaɗar!" Sai ta juya ta kalli Yaya.

Dariyar ta mutu. Yaya ya sa takalmansa ya fita.

Kwana uku Auta yana guje masa a gida. A na huɗu ya ja ƙafa zuwa shagon walda. Tun daga nesa ya ji masu shagunan kusa suna ihu: "Mai Rabin Burodi, a duba aljihu!" A gaban idonsa wani da ya kawo aikin ƙofa ya kwashe ƙarafunansa, yana cewa shi bai san tsohon fursuna ya ba aiki ba.

Yaya ya kashe inji, ya ɗage gilashin fuskarsa.

"Ɗan wasa, ka iya. Abu ɗaya ka kuskure."

"Yaya, don Allah..."

"Idon. Ni ba zare shi nake ba. A ɗakinmu akwai wani dattijo da ba ya iya tashi ya bi layin abinci. In ganduroba ya kama ka da abinci a jiki, duka ne. Shekara huɗu ina ɓoye masa rabi. Ya rasu saura wata biyu in fito. Hannuna ne har yau bai samu labari ba."

Auta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da ƙyar ya ce zai je ya roƙi darakta a dakatar da wasan.

"Ba za su yarda ba. Kashi nawa kuka ɗauka?"

"Goma sha uku."

Yaya ya jinjina kai. "To, saura sati goma sha biyu. Na yi shekara shida, wannan zan iya. Matsa gefe, kar tartsatsi ya taɓa mana fuskar talabijin."

Auta ya matsa. Ya tsaya a rana, ya kasa tafiya, ya kasa ɗaga kai.

Darasi: Kafin ka mai da ɗabi'ar mutum abin dariya, ka tambaye shi inda ya samo ta. Wanda ya gama zaman hukuncinsa, kada mu sake yanke masa wani da bakinmu. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila wani ya kama harshensa yau.