Ranar da Aka Sauko da Iya Talle

Ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo ba ce, kuma idan na kai ƙarshe, hukunci yana hannunku.

A bayan wani birni akwai tsohuwar unguwa, Tudun Marke. Birnin ya yi ta kumbura har ya iso bakinta. Sai aka aiko wa ƙaramar hukuma cewa a rushe gidajen ƙasa a sake gini, in kuwa majalisa ta kasa daidaitawa kafin damina, za a kwashe mutanen a kai su wani fili can cikin daji. Uku daga cikin kansilolin a unguwar suka tashi: Jatau, Tanimu da Istifanus. Dukansu sun ci tuwon Iya Talle, wata tsohuwa mai faɗa da kyauta, wadda ba ta taɓa tambayar yaro ɗan gidan wa ne kafin ta zuba masa.

Jatau ne ya fara miƙewa a majalisa. Yawancin majalisa suna son gidaje masu tsakar gida, ko da mutane kaɗan ne za su samu. Jatau ya ce a yi benaye hawa huɗu, kowa ya zauna inda aka binne cibiyarsa. Wani kansila ya ce, “Ranka ya daɗe Ciyaman, mutane yake nufi ko tattabaru?” Aka yi dariya. Jatau bai zauna ba sai da dariyar ta ƙare, ya yi ta kiran sunayen gidajen da za a kora, har aka sunkuyar da kai. Ba don shi ba, da unguwa ta watse.

Amma masu tsara birni suka ce ba za su yarda a tara jama'a haka ba sai da hanyar bas. Majalisa ta ƙi, don titin zai ci fili. Tanimu ya bi kansiloli gida-gida, ya sha zagi, har ya shawo kansu. Shi ya nace a sa tashar a gindin benen, kada tsofaffi su yi tafiya a rana. Ba don shi ba, da ba a sa hannu ba.

Da titi ya ci rabonsa, ɗakuna suka kasa. Magana ta cije, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Istifanus, mutum mai shiru, ya duƙa a kan zanen ginin ya ce a tsuke matakala, a sa ta lanƙwashe, kowane hawa zai sami ƙarin ɗaki. Aka ɗaga hannu, shawara ta wuce. Ba don shi ba, da wahalar biyun ta tashi a banza.

Aka gina, aka raba ɗakuna da ƙuri'a, ba a kori kowa ba. Iya Talle ta faɗa hawa na huɗu. Tun da ta hau ba ta cika saukowa ba, saboda gwiwa.

Wata ranar kasuwa da hantsi Iya ta cika. Mata suka yi mata wanka, suka sa ta a likkafani. Aka kawo makara, ta ƙi shiga kwanar matakala. Aka ce a sauko da gawar a tabarma, sai aka ga ba za ta wuce ba sai an tsayar da ita a kan ƙafafunta ko an lanƙwasa ta. Babbar mai wankan ta tare ƙofa ta ce, “Wallahi ba a gabana ba. Katifa ce ita?”

Rana tana ɗagawa, gawa kuwa ba ta jira. Aka nemo igiyoyin guga, aka jawo makara ta baranda, aka ɗaure Iya a kai. Jatau yana cikin masu riƙe igiya. Yana sassautawa kaɗan-kaɗan, igiyar tana cin tafinsa, sai ga bas ta tsaya a ƙasa cike da 'yan kasuwa. Baƙi suka leƙo ta taga, wasu suka ɗaga waya. Makara ta bugi bango ta juya, gefen likkafani ya buɗe, ƙafarta ta fito. Jatau ya ga ƙafar, ya kuma ga masu kallo. Har aka dawo daga maƙabarta bai iya duban fuskar kowa ba.

Dattawa suka kira su ukun. Mai unguwa ya ce, “Ranar sadakar uku, mutum ɗaya zai tsaya gaban jama'a ya roƙi gafarar iyalinta. Ba ma son uku. In kuka raba kunyar nan, ba wanda zai ji nauyinta.”

Jatau ya ce shi ne, don shi ya ɗora tsohuwa a sama. Tanimu ya ce, “A'a, Yaya Jatau. Da 'yan unguwa kaɗai suka gani, da an rufa. Ni na kawo mata idon duniya.” Istifanus kuwa ya ce shi ya auna matakalar da kafaɗar mai rai, bai tuna da ranar da za a ɗauko mutum a kwance ba.

Ga shi nan. Ukun nan su suka hana unguwa watsewa, kuma a cire aikin ɗayansu, da Iya Talle ta mutu a daji cikin baƙi. To, wane ne a cikinsu ya kamata ya tsaya gaban jama'a ranar?