Hannun Baba Jatau Majemi

An ce wani sarki ya ƙudura zai cike ramukan majema da ke bayan ganuwa, domin kullum iska na kawo masa warinsu har cikin fada. Amma da yake yana so a riƙa kiransa adali, sai ya ce tukuna a kawo wanda zai yi magana da bakin majema.

Mutum uku suka tashi. Waziri ya ce, "Ya sarki, ni ne uban talakawa. Sun yarda." Wani attajiri mai sayen fatu ya ce, "Ni nake ci da su. Sun yarda, har da godiya." Wani malami ya ce, "Na karanta hukuncin jima kaf. Sun yarda."

Ana cikin haka sai ga wani tsohon majemi, Baba Jatau, hannayensa sun rine da ruwan bagaruwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya juya ya miƙa wa Waziri hannu. Waziri ya cusa nasa cikin riga. Attajiri ya shiga gyaran rawani. Malami ya tuna yana da alwala.

Tsoho ya ce, "Ya sarki, wanda ya kasa riƙe hannuna, ta ina ya ɗauko bakina?"

Sarki ya yi dariya ya ce, "To kai ne wakilinsu. Faɗi."

"Allah ya ja zamaninka, ni ma ban isa ba. Tun ranar da na binne ɗana, shekara bakwai ke nan, ban sake shiga rami ba. Warin ma ya bar ni, launin kaɗai ya rage. Na zo ne in nuna hanya."

Sarki ya ce, "Ni zan tafi can?"

"Warinsu ya daɗe yana ziyartarka, ranka ya daɗe. Ai ya kamata a rama."

Sarki ya tafi yana toshe da hanci. Majema suka kewaye shi, wannan na katse wancan, ba mai jiran izini. Wata tsohuwa ta nuna takalminsa, ta nuna wani rami, ta ce, "Mijina ne ya jeme fatar a nan. Ɗinkin bai saki ba, ko?"

Kafin la'asar sarki ya manta ya saki hancinsa. Ya bar musu ramukansu, ya ce da Waziri, "Rubuta: ba a aron bakin mutum yana raye. Mai son adalci ya kai kunnensa inda bakin yake."