Naman Da Yaran Agege Suka Ƙi Ci

Akwai wata mata a Agege mai suna Kaneng, 'yar asalin Filato ce, amma zaman Legas ya kama ta tun tana budurwa. Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya, Yarbanci ma tana taɓawa.

Ita aka ɗora a kan shirin ciyar da ɗalibai na makarantun firamare da ke yankin. Da safe a ba yara koko da ƙosai, ko shayi da burodi. Da rana kuma a ba su wake da doya, ko shinkafa da miya da nama. Aikinta ta zagaya makarantun, ta leƙa tukwane, ta tabbatar kowane yaro ya samu rabonsa.

Ko'ina aiki yana tafiya lafiya, in ban da wata makaranta guda da ke bakin layin dogo, wadda yawancin yaranta 'ya'yan Hausawan unguwar ne. A can abincin rana komawa yake yi. Mai dafa musu, wata mata 'yar Kafanchan da ake kira Mama Praise, sau da yawa sai ta kwashe kuloli cike ta rasa yadda za ta yi da su.

Oga Wilson, wanda ke gaba da Kaneng a ofis, bai ɓata lokaci wajen yanke hukunci ba. Ya ce iyayen yaran nan 'yan kasuwa ne, a ƙoshe 'ya'yansu suke zuwa, don haka a cire makarantar daga shirin a kai abincin inda ake buƙatarsa. In aka yi hakan, Mama Praise da masu taya ta sun rasa aiki ke nan.

Kaneng dai zancen bai kwanta mata ba. Ta sha ganin yaran nan da safe suna suɗe kofin koko har da yatsa. Wanda ya ƙoshi ba ya haka. Ta roƙi Oga Wilson ya ɗan saurara mata, ya ce to, amma kada ta wuce ƙarshen zango.

Sai ta koma yini a makarantar. Ta samu benci a bayan aji ta zauna, ido kawai ta zuba.

A nan ta ga abin da ya ɗaure mata kai. Ranar wake, faranti fes yake dawowa, har da masu neman ƙari. Ranar shinkafa da miya kuwa, yaran sai su karɓa da ladabi, su ajiye a gabansu, su yi ta kallonsa. Ba naman kaɗai suke bari ba, ko shinkafar da miya ta taɓa ba sa kai wa baki.

Ta ɗanɗana miyar, ko yaji ne ya yi yawa. Ba shi ba ne. Ta sa aka rage manja, aka canja shinkafa, duk a banza.

Akwai wata yarinya a aji huɗu, Mastura Sanda, wadda ta fi ba ta tausayi. Yarinyar takan tsura wa tsokar nama ido tana haɗiyar yawu, sannan ta tura farantin gefe ta kifa kai a kan tebur. Kaneng ta tambaye ta a hankali ko ba ta da lafiya ne. Mastura ta ce lafiyarta ƙalau, an dai hana ta ci ne daga gida.

Da aka tashi, Kaneng ta bi ta har gida. Suka ratsa layin dogo, suka bi ta cikin masu burodi da 'yan keke, suka shiga wani lungu. Mahaifiyar yarinyar, Safinatu, ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Sun daɗe suna gaisawa kafin Kaneng ta faɗi abin da ya kawo ta.

Safinatu ta yi ta kewaye-kewaye, kunya ta hana ta fitowa fili. Can dai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, kada ranki ya ɓaci. Tun da aka kawo mai dafawar nan, aka ce naman nan ba a san wanda yake yanka shi ba. Mu kuwa kin san ba ma cin abin da ba mu san yankansa ba."

Ta ƙara da cewa Baban Mastura ne ma ya fi kowa tsanantawa. Shi mahauci ne, ya ce bai taɓa ganin matar nan ta shigo kwata sayen nama ba, to daga ina take samo shi? Da ya faɗi haka a majalisa, sauran iyaye suka bi.

Maganar ta soki Kaneng, domin ta gane cewa addinin Mama Praise na Kirista, wanda ita ma shi take bi, shi ya jawo zargin. Har ta buɗe baki za ta mayar da martani, sai wata tambaya ta tsaya mata a rai: ita kanta ta san inda naman yake fitowa? Ba ta sani ba. Abin da ta sani kawai, wani mai keke ne yake kawo shi a bokiti kowace safiya. Kuma tun da aka fara shirin, ba wanda ya taɓa kiran iyayen ya nuna musu abin da ake zuba wa 'ya'yansu.

Ta ce wa Safinatu tambayarsu tana kan hanya, kuma za ta nemo amsa.

Washegari da sassafe ta tare mai keken, ta ce yau da ita za a je inda yake sayo naman. Mama Praise ta ce ita ƙafarta ba ta son santsin kwata, shi ya sa tun farko take aikensa. Suka kama hanya, motocin haya na danfo suna ta hon, har suka isa.

Mai keken ya ratsa da ita ta tsakanin tebura, ya tsaya a gaban wani dattijo mai furfura a gemu, wanda tuni ya ware nama a gefe yana jiransa. Suka gaisa irin ta waɗanda suka saba. Dattijon ya tambaye shi ko wannan ce madam mai gidan abincin da yake saya wa nama kullum.

Kaneng ta ce, "Baba, ba gidan abinci ba ne. Makarantar bakin layin dogo ake kai shi. Yaya sunan Baba?"

Ya ce sunansa Sanda.

Ta ce, "Ko kai ne Baban Mastura?"

Wuƙar da ke hannunsa ya ajiye a hankali. Ya dubi bokitin, ya dubi mai keken, ya sake tambaya ko da gaske makarantar ake kaiwa. Mai keken ya ce ai bai taɓa kai shi wani wuri ba, ba a dai tambaye shi ba ne.

Malam Sanda ya zauna a kan benci ya riƙe haɓa. Mahautan da ke kusa, waɗanda suka sha jin wa'azinsa a kan naman makaranta, suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Shi bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ashe duk wannan zangon 'yata da yunwa take yini, ga naman da na yanka da hannuna a gabanta."

Kaneng ba ta ɗora masa laifi ba. Cewa ta yi su ma da laifinsu, da ba su buɗe wa iyaye ƙofa ba tun farko.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Sanda ya tsayar da mutanen unguwa ya warware abin da bakinsa ya ƙulla. Ran Litinin kuma shi da kansa ya ɗauko bokitin naman har madafar makaranta. Ya cire hula a gaban Mama Praise ya nemi gafararta. Matar ta share ido da bakin zani, ta ce ya wuce, ta miƙa masa kujera ya zauna ya ga yadda ake girkin.

Daga ranar Kaneng ta sa doka a duk makarantun da ke hannunta: kowace uwa, kowane uba, suna da izinin shiga madafa su ga abin da ake dafawa. Safinatu ce ta fara zuwa, ta ɗaura zani ta taya yankan albasa.

Da Oga Wilson ya zo zagaye da niyyar rufe shirin a makarantar, kuloli ya tarar a kife an wanke, Mama Praise tana ƙorafin shinkafa ba ta isa ba. Ya tsaya ya ji labarin daga farko har ƙarshe. Da zai shiga mota, sai ya ce wa Kaneng a ƙara musu buhu.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci, tashi ka je ka tambaya. Zargin da ba a bincika ba yakan hana ka cin halalinka, haƙuri da bin diddigi kuwa suna gyara abin da fushi zai rusa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokan arziki, wataƙila wani na shirin yanke hukunci a kan abin da bai gani da idonsa ba.