Ƙyallayen Golap

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a can ƙasar Asam mai babban kogi da gonakin shayi, tun Turawa na mulkinsu. Sunansa Golap. Ba gona, ba sarauta, alƙalami kawai gare shi. A zamanin an wulaƙanta harshensu, har mai ilimi yana jin kunyar yin sa a gaban mutane. Golap ya duƙufa wajen rubuta waƙoƙi da maƙalu, yana cewa harshen da uwa ta yi maka reno da shi ba abin kunya ba ne.

Turawa suka ɗaure shi, suka sa shi juya dutsen matsar mai kamar sā, shi da wani saurayi, Tarini. A nan ya tsara waƙar da ta cika ƙasar, mai cewa ƙasar nan tamu ce. Yana bayarwa, Tarini na amshi. Duk zaman da ya yi a kurkuku, wadda ta ciyar da tsohuwarsa maƙwabciyarsu ce, Fulmoni, ɗaya daga cikin baƙin da aka kwaso daga nesa don tsinkar ganyen shayi. Harshen garin ma bai zauna a bakinta ba.

To ku saurara. Mutanen can suna da wani farin ƙyalle mai jan baki, saƙar matansu. Wanda suka girmama, shi suke rataya wa a wuya, kuma wanda ka rataya wa a gidanka ya zama baƙonka, taɓa shi abin kunya ne. Da Turawa suka tafi, duk garin da Golap ya shiga sai an rataya masa, har akwatinsa ya cika.

Tarini kuwa ya zama babban ɗan siyasa. Ran nan ya zo ya zauna a kan tabarma, ya ce, "Yaya, sabuwar waƙa muke so. Baƙin nan sun cinye mana ƙasa. Ka yi wadda za ta tayar da samari."

Golap ya ce, "Su tashi su yi me?"

"Kai ma ka sani."

"Na sani, shi ya sa na tambaya. Ni na yi waƙa ne don kada a yanke mana harshe, ba don mu yanke na wani ba."

Tarini ya yi dariya. "Tsufa ya ci ka, Yaya. Bar shi, tsohuwar waƙar ma ta ishe mu."

Ta kuwa ishe su. Ku saurara da kyau! Rana tsaka Golap ya ji waƙarsa tana tahowa, ya leƙa, sai ga hayaƙi a unguwar baƙi. Waƙarsa, wadda ya tsara bayansa na zubar da jini, ita ake rerawa ana cinna wa bukkoki wuta. Fulmoni ta faɗo gidansa da jikokinta, maƙwabta na biye da ita, tana cewa, "Baba, ina za mu? Ina za mu?"

Golap ya miƙe. Ya jawo akwatin nan tsakar gida, ya riƙa ɗauko ƙyallayen yana rataya musu ɗaya bayan ɗaya, tsoho da jariri, har ya ga ƙasan akwati. Sannan ya buɗe ƙofa ya tsaya.

Sai ga samarin sun iso, Tarini na gaba. Ya ga wuyan mutanen, fuskarsa ta canza. "Wannan ƙyallen ni na rataya maka da hannuna! Shi ka ba 'yar tsinkar ganye?"

Golap ya ce, "Ita ta ciyar da uwata lokacin da ni da kai muke juya dutse. Baƙina ne. Wanda zai shiga, ya fara cire mata shi, kowa na kallo."

Samari suka dubi juna. Duk cikinsu ba wanda uwarsa ba ta saƙa irin ƙyallen nan ba. Waƙa ta mutu a bakinsu, suka janye. Wani ya tofa masa yawu kafin ya juya.

Kuna zaton an gode masa? Ina! Maci amana aka sa masa. Jaridu suka daina karɓar rubutunsa. A kasuwa ya yi gaisuwa, a kau da kai. Waƙar kuwa ba a bar ta ba, sunansa kawai aka cire. Haka ya tsufa yana jin ta a bakin masu zaginsa. Ranar da ya mutu ba babban mutum ko ɗaya da ya zo, aka duba akwati ba ƙyallen da za a rufa masa. Fulmoni ce ta kwance nata, duk ya ƙoƙe, ta shimfiɗa a ƙirjinsa.

Jama'a, son ƙasa da son harshe alheri ne, amma ranar da ya zama dalilin ƙone gidan maƙwabci, ya tashi daga so ya koma zalunci. Kuma mai gaskiya kada ya jira tafi, Allah kaɗai ke biyansa. Kowannenmu yana da maƙwabcin da Hausarsa ba ta fita sosai, wanda muke sayen kaya a shagonsa, matarsa ta zo mana barka. In gari ya rikice, 'yan'uwanka suka taho da fetur suna kiran sunan da kake ƙauna, me za ka yi da ƙofarka? Ka tanadi amsar tun yau. Allah Ya sa mu iya buɗewa.