Zoben Tasalla

A wani zamani da ya shuɗe, an yi wani sarki mai suna Bawale, wanda zuciyarsa ta kamu da son Tasalla, ƙanwar wazirinsa Gwadabe, bazawara mai kamun kai wadda ta sallami manema da yawa. Ran nan Sarki ya keɓe da Waziri ya ce, "Ina so a ƙera mata zobe daidai yatsarta kafin in furta. Ka samo mini awon, amma kada kowa ya ji, har ita. In ta ƙi ni, ba na son gari ya sani."

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Da hantsi ya shiga gidanta, ya tarar ta ƙunsa lalle, ta tuɓe zoben azurfa da ta gada wurin mahaifiyarsu ta ajiye a faifai. Suna cikin gaisawa ya faki idonta ya jefa shi aljihu, da niyyar maƙerin fada ya auna, ya mayar kafin la'asar. Ashe maƙeri ya yi tafiya.

Kafin Waziri ya dawo zance ya lalace, an nemi zobe an rasa. Zargi ya faɗa kan Iya Kandala, tsohuwar da ta goyi Tasalla, ta goyi Waziri kansa, domin ita ta share ɗakin. Tasalla kuwa ta karɓe mabuɗan da ke hannunta. Tsohuwa ta ɗaure 'yan kayanta ta koma gidan maƙwabta. Da Waziri ya zo wucewa ta tare shi ta ce, "Ɗana, kai ka san halina. Ka gaya wa Tasalla."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai haƙuri, Iya." Zoben kuwa yana aljihunsa kamar garwashi. Tun daga nan abinci ya ƙi ciyuwa gare shi. In ya yi magana ya saɓa wa Sarki, in ya yi shiru ya ci amanar wadda ta goye shi.

Da fada ta cika sai ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga tambaya. Ubangida ya aiki baransa ya ɗebo wuta a ɓoye, tartsatsi ya ƙone bukkar wata tsohuwa. Wa zai biya?"

Malamai suka rabu, wasu suka ce bara, wasu ubangida. Sarki ya ce, "Duka biyun." Sai Waziri ya ajiye zoben a gabansa, ya ce, "To, bukkar Iya Kandala ce."

Sarki ya ce, "Na guje wa kunyata, na ɗora ta a kan baiwar Allah." Ya sa aka kira matan biyu, ya fayyace komai da bakinsa a gaban jama'a.

Tasalla ta share hawaye ta ce, "Ranka ya daɗe, da an tambaye ni, da silin zare ya isa a auna yatsata. Amsata kuwa sai Iya ta yafe mana, har ni da na zarge ta."

Waziri ya tuɓe rawaninsa ya durƙusa gaban Iya Kandala. Tsohuwa ta ce, "Tashi, Gwadabe, na yafe. Amma kai za ka mayar mini da kayana."

Sarki ya sa sankira ya yi shela ya wanke sunan tsohuwar, Tasalla ta amince da Sarki, aka kuma sa ranar ɗaurin aure. Da yammar nan mutanen kasuwa suka ga Waziri, ba doki ba dogari, ɗauke da ƙunshin kaya a ka, Iya Kandala tana gaba tana dogara sanda, tana ce masa ya bi a hankali, akwai tukunya a ciki.