Farantin da Ya Sha Rana

Akwai wani dattijo ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wani babban asibiti, wanda kowa ke kira Baba Sannu. Halinsa ne ya jawo masa sunan. Abokan aiki kan ce ko gobara ce ta tashi, sai Baba ya gama wanke hannu ya goge kafin ya nemi ƙofa.

Aikinsa yana kan wata na'ura mai kama da ƙaramin akwati, wadda ke auna haske. Duk safiyar Litinin, bayan an wanke ɗakin tiyata, akan goga tsinken auduga a kan gadaje da tebura da hannayen ƙofa, a kawo masa. Sai ya jiƙa kowane tsinke, ya ɗiga ruwan a ramukan wani farin farantin roba, ya ƙara wani sinadari irin wanda ke sa ƙwarin nan na damina walƙiya a cikin ciyawa.

In akwai ragowar jini ko ƙwayoyin cuta, ruwan zai yi ɗan haske wanda ido ba ya gani. Na'urar kuwa tana gani, ta ƙirga, ta fitar da lamba. Lamba ƙarama, wuri ya wanku. Lamba babba, akwai sauran datti.

Baba yana da tsarinsa. Farantan a durowar ƙasa yake ajiye su, a lulluɓe da baƙin ƙyalle. Kafin ya fara aiki sai ya ja labule. Ramin farko kuma ba ya sa masa komai sai ruwa mai tsabta da sinadari, don ya ji me na'urar za ta ce a kan abin da ya tabbata babu datti a ciki.

Ana nan aka kawo sabon shugaban ɗakin, matashi mai ilimi da kuzari, ana ce masa Dakta. Ba mugu ba ne, yana da son aiki, sai dai komai so yake a yi yanzu-yanzu.

"Baba, wannan ɗakin gwaji ne ko kogon jemagu?" in ji shi ranar farko da ya ga an ja labule.

"Farantin ne ba ya son rana, Dakta."

"Wa ya ce?"

"Wanda ya koya mini."

Dakta ya yi dariya, ƙananan ma'aikata suka taya shi. Daga ranar, in Baba ya nufi labule sai wani ya ce a hankali, "Jemage zai kwanta." Yana ji, abin kuma yana sukarsa.

Sai matar Baba ta zame a banɗaki ta karya ƙafa, ya ɗauki hutun mako uku don jinyarta.

Ranar Litinin ɗin da ya dawo, ya tarar da Inna zaune a kan bencin ƙofar ɗakin gwaji. Ita ce mai wanke ɗakin tiyata, shekara goma sha tara tana wannan aiki. Mijinta ya rasu, jikoki uku ne a hannunta.

"Inna, yau kuma ke ce da zama? Ko tsufa ya fara karɓar nasa?"

Da a da ne, da ta rama da cewa ai ya girme ta da shekara goma. Yau ba ta yi dariya ba. Hannuwanta ta miƙa masa. Duk sun tsattsage, wasu wuraren har da jini.

"Akwatinku ya ce ni ƙazama ce, Baba. Sau biyu a jere. Na wanke sau biyu, ya ce da datti. Na wanke sau uku har maganin ya cinye mini hannu, ya ce dattin ma ƙaruwa ya yi. An ba ni takardar gargaɗi. In na yau ma ya fito haka, ƙarfe biyu za su zauna su sallame ni."

Ta goge ido da gefen mayafi.

"Ba korar ce kaɗai ke ci mini rai ba. A ce mutum ya kwanta a gadon da na wanke ya kwashi cuta? Kwana nawa ban yi barcin kirki ba."

"Zauna nan, kada ki je ko'ina," in ji Baba.

Yana tura ƙofa haske ya doki idonsa. An cire labule. An kafa sabuwar kanta a jikin taga, an jera fararen farantan a kai reras, rana na dukansu tun hantsi. Ya buɗe littafin sakamako ya duba. Ramin farko ma an daina sa masa ruwa, an mayar da shi na gwaji.

Nan take ya gane abin da ya faru. Zuciyarsa ta ce masa ya kwashi littafin ya nufi ofishin shugaban asibiti, ya baje shi a gaban kowa, a ga wane ne jemage. Har ya ɗauki littafin. Sai ya tuna yadda ya taɓa ganin Dakta yana addu'a a ɓoye kafin ya shiga taronsa na farko. Yaron bai fi sa'an ɗansa na biyu ba, ko wata shida bai cika a kujerar ba. Ya ajiye littafin, ya leƙa ofishin Dakta.

"Dakta, ara mini minti ashirin. Mu biyu kawai."

Dakta ya taso yana duba agogo. Baba ya rufe ƙofa, ya ɗauko faranti ɗaya daga jikin taga, ya ɗiga ruwa mai tsabta da sinadari, ya tura cikin na'ura. Lamba ta fito, ƙatuwa.

Baba ya ce, "To, wannan ruwan dai, Inna ba ta taɓa shi ba. Wa ya ƙazanta shi?"

Dakta ya matso. "Sake."

Ya sake. Haka ta fito.

Baba ya zare farantin ya sa a durowa, ya rufe, ya ja kujera ya zauna. Dakta ya kasa zama, sai kai da kawowa yake.

"Me ya sa ka daina sa ruwa a ramin farko?" Baba ya tambaya a hankali.

"Sinadarin ya kusa ƙarewa, sabo bai iso ba. Na ga kamar ɓarna ce."

Bayan minti goma sha biyar Baba ya lulluɓe farantin da ƙyalle, ya mayar da shi cikin na'ura. Lambar ta faɗo ƙasa warwas.

Dakta ya dafe kai. "Farar robar ce ke shan hasken rana, ta riƙa sakinsa a hankali a cikin na'urar. Wallahi na karanta wannan, Baba. Har jarrabawa na rubuta a kansa."

"Ni ban karanta ba. An ce mini in kiyaye, na kiyaye."

Suka rataya zanin gado a taga, suka fasa sabon kwalin farantai da bai ga rana ba, suka gwada tsinkayen wannan safiyar. Gado, tebur, hannun ƙofa, duk suka fito tas.

Dakta ya zauna a ƙarshe. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ni na sa hannu a rahoton nan biyu. An ɗage tiyatar mutane saboda su. In na faɗa, ƙila ni za a sallama. Ba za mu ce na'urar ce ta samu matsala ba?"

"Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ɗana. Haske aka ba ta, haske ta ƙirga. In muka ɗora mata, gobe wa zai yarda da ita ranar da dattin gaske ya zo? Kuma matar can za ta ci gaba da tafiya ana kallonta da alamar tambaya." Ya miƙe ya gyara rigarsa. "Tashi mu je. Zan tsaya kusa da kai, amma bakinka ne zai yi magana."

Ƙarfe biyu suka shiga ofishin shugaban asibiti. Dakta ya faɗi komai, bai rage ba, har dariyar da ya yi wa labule. Shugaban asibiti ya yi faɗa sosai. Da ya juyo ga Baba, dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya kawo kansa kafin a kamo shi, irinsa ake riƙewa." Aka yaga takardar Inna, aka rubuta wa Dakta tasa, amma aka bar shi a kan aikinsa.

Da suka fito, Inna ta riga ta ji labari, har ta koma bakin aiki tana goge barandar ɗakin tiyata. Dakta ya nufe ta, ya rusuna a gaban ma'aikatan jinya da masu jiran marasa lafiya.

"Inna, ni na cuce ki. Ki yafe mini."

Ta dube shi, ta dubi ƙasa.

"Na yafe, ɗan nan, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Amma ɗaga ƙafarka, yanzu na goge wurin."

Darasi: Kada ka rushe tsarin da ka tarar kafin ka tambayi dalilinsa, domin kuskuren na sama a kan na ƙasa yake sauka. In kuma gaskiya ta faɗo hannunka, ka ceci wanda aka zalunta ba tare da ka tozarta wanda ya yi kuskure ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokan aiki, wataƙila akwai wata Inna da ke jiran wani ya sake dubawa.